Tanimun na Damagaram da masu sana'ar fadarsa: wace kalma ta dace da shi a Hausa?

1. Gabatarwa

Masu rubuta littattafan tarihi da Hausa domin makarantunmu masu koyarwa da harsuna biyu sukan ci karo da wata kalma ta Faransanci wadda ba ta da sauƙin fassara, wato *mécène*. Asalinta sunan mutum ne, Maecenas, aminin Augustus Sarkin Rum, wanda ya ɗauki nauyin mawaƙa irin su Virgile da Horace, ya kuma rasu shekara 8 kafin haihuwar Annabi Isa. Da wannan kalma Bafaranshe yake nufin duk wani mai mulki ko mai dukiya da ke kashe abin hannunsa a kan masu zane da magina da mawaƙa da marubuta. Ɗalibin da ya yi karatunsa da Faransanci, da ya ji kalmar, sai Laurent de Médicis na birnin Florence ya faɗo masa a rai, ko kuwa François na ɗaya, wanda ya gayyato Léonard de Vinci zuwa Faransa a 1516. Idan kuma aka ce ya kawo misali daga tarihin ƙasarmu, sunan da ya fi saurin zuwa bakinsa shi ne na Tanimun ɗan Sulaimanu, Sarkin Damagaram, wanda ya rasu a 1884.

Tun daga 1973, lokacin da aka buɗe makarantar gwaji ta farko mai koyarwa da Hausa da Faransanci a Damagaram, neman kalmomin fannu ya zama aikin yau da kullum ga malamai da masu nazarin harshe. Sau da yawa akan warware matsalar da gaggawa, a ƙirƙiri wata doguwar kalma a wuce. A cikin wannan ƙasida za mu bi ta wata hanyar. Za mu duba rayuwar Tanimun da abubuwan da aka yi a fadarsa, sa'an nan mu tambayi harshen da kansa yadda yake kiran dangantakar da ke tsakanin sarki da mai sana'a. Ra'ayinmu shi ne Hausa ba ta rasa kalmomi ba a wannan fage. Kalmomin da take da su suna faɗin wani abu ne da *mécène* take rufewa, kuma ɗalibanmu suna da haƙƙin su ji shi.

2. Ɗan sarki tsakanin Damagaram da Kukawa

Gidan sarautar Damagaram asalinsa daga ɓangaren Barno yake. Tarihin baka yana danganta kafuwarsa da wani malami, a cikin shekarun 1730, kuma sarakunan farko sun yi ta sauya mazauni a ƙauyukan gabas, inda har yanzu akwai garin Damagaram ta Ƙaya. Sulaimanu, mahaifin Tanimun, wanda ya yi sarauta daga 1812 zuwa 1822, shi ya mayar da fada garin da Turawa suke kira Zinder, mu kuwa muke kira da sunan ƙasar gaba ɗaya. Ke nan Tanimun ya tashi ne a gidan da sarautunsa na Barebari ne, talakawansa kuwa mafi yawansu Hausawa.

Wannan gauraye yana nan a bayyane cikin kalmomin da ake kiran ɗan sarki da su. *Maina*, *yarima*, *ciroma* da *galadima* duk aro ne daga Barbarci, haka ma *kaigama* da *kacalla* na ɓangaren yaƙi. Ɗafa-ƙeyar *-ma* da ke ƙarshen yawancinsu tana nuna mai riƙe da wani wuri ko wani aiki, kamar yadda ake gani sarai a *Muniyoma*, wato mai ƙasar Muniyo. Greenberg (1960) ya nuna cewa aron bai tsaya ga sarautu ba, ya haɗa da *birni* da *kasuwa* da *karatu* da *rubutu*. A Kano ko Katsina wannan aro tsoho ne ƙwarai, har mai magana ba ya jin baƙuncinsa. A Damagaram ta ƙarni na 19 kuwa dangantakar da ta kawo kalmomin tana da rai: sarki yana aika gaisuwa Kukawa, Shehun Barno yana da ta cewa a kan wanda zai hau gado, kuma yana da wakili zaune a garin. Barth, wanda ya iso Damagaram a watan Disamba na 1852, ya ambaci Sharif al-Fasi a matsayin wakilin wazirin Barno.

Da Sulaimanu ya bar gado, ɗansa Ibrahim ne ya hau. Tanimun ya yi kusan shekara ashirin yana ɗan sarki mai jiran rabo, kuma bai jira har rabon ya zo da kansa ba. A 1841 ya karɓe mulki daga ɗan'uwansa. A 1843 aka mayar da Ibrahim da goyon bayan Barno, a zamanin Shehu Umar. Baturen Ingila James Richardson, da ya sauka garin a farkon 1851, Ibrahim ya tarar a kan gado, kuma abin da ya fi rubutawa a kai shi ne kisan masu laifi da harin kamun bayi. Bayan wannan ne Tanimun ya dawo. Wasu marubuta suna ƙirga sarautarsa ta biyu daga 1851, wasu daga 1854, amma duk sun haɗu a kan 1884 a matsayin ƙarshenta, wato shekara talatin ko fiye da haka.

Muna ganin darasin da ya ɗauka daga korar 1843 shi ne ya bayyana yawancin abin da ya yi daga baya. Sarkin da rundunar waje za ta iya tuɓewa yana bukatar garu, yana bukatar makaman da ba sai ya roƙa ba, yana kuma bukatar mutanen da ba su da wani jigo sai shi. Dunbar (1977) ta yi bayanin yadda bayin sarki suka yi ta samun manyan muƙamai a Damagaram cikin wannan ƙarni. Da wannan ƙarfi ne ya shimfiɗa ikonsa a kan ƙasashen Sosebaki, wato Miriya da Dungas da Waca, da kuma Muniyo ta wajen Gure.

A kudu maso yamma, yankin Kance da Matamai, inda Ɗan Barto take, ya shiga ƙarƙashin wannan iko. Yanki ne mai tsohuwar alaƙa da Daura. Bayan da jihadi ya kori gidan sarautar Haɓe daga birnin Daura a farkon ƙarnin, zuriyarsu sun kafa mazauni a Zango da Ɓaure, kuma M. G. Smith (1978) ya nuna yadda suka koma ƙarƙashin inuwar Damagaram. Wani abin lura a nan shi ne, iyakar da matafiyi ke ƙetarewa tsakanin Ɗan Barto da Kwangwalam, a kan hanyar Daura, tawagar Tilho da O'Shee ce ta kafa turakunta tsakanin 1906 da 1908. Tafintan wannan tawaga, Landeroin, shi ya tattara labaran sarakunan Damagaram da marubutan baya suka dogara da su, shi ne kuma ya wallafa nahawun Hausa da ƙamus tare da Tilho. Aikin da ya raba ƙasar biyu shi ya bar mana tarihinta a rubuce.

3. Abubuwan da aka yi a zamaninsa

Abu na farko da ake ambata shi ne garun Birni, wanda aka tayar a cikin shekarun 1850, da kuma fadar da sarakunan Damagaram suka gada. Abin da ya rage na garun ƴan guntaye ne, amma fadar tana tsaye, kuma a 2006 ƙasar Nijar ta sa unguwar Birni da fadar cikin jerin wuraren da take neman hukumar UNESCO ta amince da su a matsayin gadon duniya. A bakin mutanen gari akwai labarin cewa an binne Alƙur'anai da ƴan mata a cikin garun don kada ya ciwu. Irin wannan labari ana ba da shi a kan garuruwa da dama na Afirka ta Yamma, saboda haka ba mu ɗauke shi a matsayin rahoto ba. Abin da yake nunawa dai shi ne jama'a sun riƙe garun a ransu a matsayin abin da ya ci rayuka.

Ginin ƙasa irin na Hausa sana'a ce mai kalmominta, kuma kalmomin suna nuna yadda sana'o'i suke jingine da juna. Magini yana ɗora *tubali*, wanda ake mulmulawa da hannu a shanya a rana. Rufi da *bakan gizo* suna tsayawa ne a kan *azara*, wato tsagin giginya, wadda gara ba ta cika ci ba. Saboda ruwan sama akan shafe bango da *makuba*, da ake samu daga kwasfar ɗorawa, ko da *laso*, wanda ake haɗawa da *katsi*, wato gurɓin da ke kwantawa a gindin karofin marina. Ashe soron sarki ba ya kammala sai da manomi da marini da mai saran itace. Sa'an nan ginin ƙasa ba a gama shi sau ɗaya. Kowace damina tana cin rabonta, kowane rani sai an sake yaɓe. Wanda ya ce a yi garu ya ɗora wa ƙasa aikin da za ta maimaita kowace shekara.

A nan ya kamata mu ja hankalin ɗalibai a kan wani kuskure da ya zama ruwan dare a takardun yawon buɗe ido. Gidajen Birni da na Zango masu zane a fuska, waɗanda ake ɗauka hoto ana cewa gadon Tanimun ne, yawancinsu na bayansa ne, na attajirai da fadawan ƙarni na 20. Zane mai launi yana burge baƙo, amma gwanintar maginan ƙarni na 19 a cikin soro take, a ɗaurin rufi da tsarin bakuna.

Abu na biyu shi ne makamai. Adadin da ya fi yawo a littattafai shi ne bindiga 6,000 da igwa 40. Lissafi ne da aka karɓa daga baki bayan rasuwar sarkin, don haka mu ɗauke shi a matsayin ma'aunin yadda mutane suka ga ƙarfinsa. Abin da ya fi muhimmanci gare mu shi ne a garin ake zuba igwa ta tagulla, a nan kuma ake haɗa albarushi. Hausa ta raba maƙera kashi biyu: *maƙeran baƙi*, masu aikin ƙarfe, da *maƙeran fari*, masu aikin tagulla da azurfa da farin ƙarfe. Sanin narka tagulla da zuba ta, wanda yake fitar da munduwa da adon linzami, shi ne dai ake bukata wajen zuba igwa. To, a ina za mu ja layi mu ce daga nan fasaha ta ƙare, yaƙi ya fara? Faransanci yana ja, domin yana da *art* a gefe guda da *artisanat* da *armement* a wani gefen. Fadar Damagaram ba ta ja shi ba, kuma kalmar *maƙeri* ba ta ja shi ba.

Kayan doki ma haka suke, ado ne kuma kayan yaƙi ne. Sunayensu suna nuna hanyar da suka biyo: *sirdi*, *linzami*, *likkafa* da *lifidi* duk daga Larabci suke, kamar *alkyabba* da *albarushi* da *bindiga*. Hanyar kuwa sananniya ce, ta Abzin zuwa Gat da Turabulus, wadda ayarinta ke sauka a unguwar Zango, bayan garu. Baier (1980) ya bi diddigin wannan ciniki, ya nuna yadda gashin jimina ya yi kasuwa a Turai a shekarun 1870, da yadda jemammiyar fata ta zama babbar haja daga baya. Majemi yana jeme fatar akuya da bagaruwa, a rina ta ja da karan dafi, baduku ya ɗinka. Da irin wannan fata ta isa Turai sai a kira ta *maroquin*, da sunan ƙasar Maroko. Wannan ma wata hanya ce da harshe ke bi ya shafe sunan mai aiki, za mu kuma ga irinta a cikin Hausar kanta.

Abu na uku shi ne kiɗa da busa da waƙa. Tambari da kakaki na sarki ne shi kaɗai. Algaita, wadda sunanta ya zo daga Larabcin Magrib, tana raka shi da manyan hakimansa. Ames da King (1971) sun bayyana al'adar *sara*, wato kiɗa da busan da ake yi a ƙofar fada ranar Alhamis da dare, a fadojin ƙasar Hausa. Waɗannan abubuwa sun girmi Tanimun nesa ba kusa ba. Tarihin Kano ya lissafa kakaki da figini da takalmin gashin jimina cikin abubuwan da Muhammadu Rumfa (1463-1499) ya faro, tare da gidan sarauta da kasuwar Kurmi. Idan aka jera ayyukan sarakunan biyu za a ga kamar tsari ɗaya suka bi: gini, kasuwa, kayan alfarma, ɗaukaka bayin sarki. Sarki mai son a san ya kai sarki, hanyar da zai bi a shimfiɗe take tun ƙarni na 15. A Damagaram wannan layi na mawaƙan fada ya kai har zamanin Ma'azu Ɗan Alalo a ƙarni na 20.

4. Kalmomin dangantaka

Bari mu fara da abin da ake ɗaukar nauyinsa. Kalmar da marubutan zamani suke sawa a gurbin *art* ita ce *fasaha*. Asalinta a Larabci iya magana ne, kuma a Hausa ta faɗaɗa ta zama kaifin basira a kowane aiki, har ta kai ana kiran ilimin injuna da ita. *Sana'a* ita ce abin da mutum ke ci da shi. *Gwaninta* ita ce ƙwarewa, ko a gini ko a kokawa. *Ado* shi ne abin da aka ƙara don ido. Babu ɗaya daga cikinsu da ta keɓe wani rukunin ayyuka ta ce waɗannan don kyau kawai ake yin su. Ba ma ganin wannan a matsayin gibi. Faransanci ma bai ware *beaux-arts* ba sai a ƙarni na 17 da na 18.

Masu aikin kuwa, ginin sunayensu iri ɗaya ne, da ɗafa-goshin *ma-*:

(1) magini, maƙeri, majemi, marini, masaƙi
(2) makaɗi, mabushi, mawaƙi, maroƙi

Na ƙarshen ya cancanci a tsaya a kansa. *Maroƙi* daga *roƙo* yake. Fassarar da aka saba yi masa, *griot*, daga yankin Senegal da Mali ta zo, tana kuma ɗauke da ma'anar mai adana tarihi da asalin dangi. Sunan Hausa bai ambaci tarihi ba, bai ambaci murya ba. Abin da ya kama shi ne matsayin mutumin a gaban wanda yake yabo, wato mai nema. Smith (1957) ya nuna cewa roƙo wata hanya ce ta tabbatar da darajar manya a bainar jama'a, kuma wanda ya hana maroƙi yana iya shan zambo. Ke nan dogaron ba ta gefe ɗaya yake ba, amma ba daidai yake ba.

Fada tana riƙe waɗannan mutane ta hanyar naɗi: Sarkin Maƙera, Sarkin Magina, Sarkin Dukawa, Sarkin Makaɗa. Rawanin girma ne, kuma igiya ce. Ta hannun mai rawani ake tara ƴan sana'a idan fada tana da aiki, ta hannunsa kuma ake karɓar abin da ke kansu. Wannan ya bambanta da yarjejeniyar da mai zane na Italiya kan rattaba wa hannu, wadda ke faɗin aikin da kuɗinsa da ranar gamawa.

Kalmomin bayarwa su ma suna da alkibla. Abin da ya sauko daga babba zuwa ƙarami *kyauta* ne. Abin da ya hau daga ƙarami zuwa babba *gaisuwa* ce, ko da kuwa ba da son rai aka kai ta ba. Ɗan aiken da ya kawo kyauta *tukwici* ake ba shi. Malami kuwa *sadaka* yake karɓa, ba a cewa an biya shi. Tanimun da kansa yana tsakiyar wannan tsani: yana kai gaisuwa Kukawa, yana karɓar gaisuwa daga Kance da Miriya, yana yi wa makaɗa kyautar riga da doki. Rigar da ta sauka a wuyan makaɗi, gaisuwar wani ce ta rikiɗa.

Kalmar da ta haɗe wannan duka ita ce *ubangida*, abokin tafiyarta kuwa *bara*, dangantakarsu *barantaka*. Akwai abubuwa biyu da mai nazarin harshe zai so ya lura da su. Na ɗaya, *ubangida* tana da ƴar'uwa, *ubangiji*, wadda aka gina a kan *giji*, wata tsohuwar siffa ta *gida*. A yau kunne ya fi saba jin ta a kan Mahalicci, amma a tsofaffin rubuce-rubuce da ƙamusoshi tana nufin mai mallakar abu, har da mai mallakar bawa. Na biyu, *bara* mai yi wa ubangida hidima da *bara* ta almajiri rubutunsu ɗaya ne a boko, abin da ya raba su a baki shi ne irin *r* ɗin, ta farko mai naɗe harshe, ta biyu mai karkaɗa shi. Misali ne da kowane ɗalibin ilimin furuci ya sani, kuma ƙa'idar rubutunmu ba ta nuna bambancin. Ma'anonin biyu ba asali ɗaya ba ne lalle, amma a ƙofar fada sun kusanci juna fiye da yadda muke so.

5. "Ya gina" da "ya sa aka gina"

Mu dubi waɗannan jimloli:

(3) Tanimun ya gina garun Damagaram.
(4) Tanimun ya sa aka gina garun Damagaram.
(5) An gina garun Damagaram a zamanin Tanimun.
(6) Tanimun ya sa magina da bayi da talakawa suka gina garun Damagaram.

Dukkansu Hausa ce karɓaɓɓiya. A (3) sarki shi ne aikau, kamar da hannunsa ya ɗora tubali. Wannan shi ne salon tarihin sarauta, wanda ke jingina kowane sabon abu ga sarkin zamanin, shi ne kuma salon kirari. A (4) an raba mai umurni da mai aiki, sai dai wakilin suna *aka*, wanda ba ya fayyace kowa, ya haɗiye mai aikin. Ita ce ta yi daidai da *il fit bâtir* na Faransanci, ita ce kuma masu fassara suka fi zaɓa, suna jin sun yi adalci. A (5) har mai umurnin ya koma alamar lokaci. A (6) kaɗai aikatau na biyu ya sami aikau mai suna. Nahawu bai hana (6) ba ko kaɗan. Al'adar ba da labari ce ba ta saba da ita ba.

Akwai inda sunan mai aiki ya tsira. A Zariya, masallacin Juma'a da aka gina a zamanin Sarki Abdulkarimu (1834-1846) ana danganta shi da maginin da ya yi shi, Muhammadu Durugu, wanda aka fi sani da Babban Gwani, kuma zuriyarsa sun ci gaba da riƙe sarautar magina. Amma a duba labarin da ake bayarwa game da ƙarshensa: wai wani sarki ne ya sa aka kashe shi bayan ya gama masa gini, don kada ya yi wa wani wanda ya fi shi. Ko labarin ya faru ko bai faru ba, ya nuna yadda jama'a suka fahimci al'amarin, cewa gwanintar bara dukiyar ubangidansa ce. A Damagaram kuwa, in aka yi maganar garu ko igwa, sunan sarki ne ke fitowa. Wasan kwaikwayon André Salifou mai suna *Tanimoune* (1973), wanda ya biyo bayan littafinsa na tarihin Damagaram na 1971, ya ƙara kafa wannan suna a zukatan ƴan makaranta na bayan samun mulkin kai, lokacin da ƙasa take neman gwarzayen da za ta nuna.

Ba mu ga laifin neman gwarzo ba, kuma ba mu rage wa Tanimun komai ba. Mutum ne da ya karɓi ƙaramar ƙasa mai biyayya ya mayar da ita wadda maƙwabta ke shakka, ya tara masu sana'a, ya buɗe wa garinsa hanyar fatauci. Ƙarfin da ya bari ne ɗansa Amadu Kuran Daga ya gada a 1893, har ya kai ga kashe Kyaftin Cazemajou a 1898 da karawar Tirmini a 1899, inda Faransawa suka ci garin. Amma littafin da za a rubuta ba ƴaƴan Birni kaɗai za su karanta shi ba. Za a karanta shi a Ɗan Barto da Kance da Dungas, wato a ƙasashen da gaisuwa ke tashi daga cikinsu, inda hatsi da dabbobi da mutane suka bi hanya suka nufi fada. Yaron da ke can, idan aka ce masa Tanimun "mai son fasaha" ne kawai, an ba shi rabin labari, kuma rabin da aka cire shi ne wanda kakanninsa suke ciki.

Saboda haka ba mu goyi bayan fassarori irin su "majiɓincin fasaha" ko "mai tallafa wa fasaha" ba idan ana maganar sarakunan ƙarni na 19. *Tallafi* kalma ce ta zamanin ƙungiyoyin agaji, tana nuna mai bayarwa da ba ya jiran komai. Tana iya dacewa da attajirin yau da ya biya kuɗin buga littafi, ko ma da Maecenas, in an yi masa sassauci. Ga Tanimun da Rumfa muna ba da shawarar *ubangidan masu sana'a*, ko *ubangidan makaɗa da magina* idan ana son fayyacewa. Kalmar tana cikin bakin kowane yaro, ba ta bukatar a ƙirƙira ta, kuma tana ɗauke da ciyarwa da tufatarwa da kariya tare da iko da biyayya. A ɓangaren Faransanci na littafin ana iya barin *mécène*, muddin an biyo ta da *maître* ko *patron* a karon farko da ta fito. Game da jimlolin darasi kuwa, muna roƙon masu tsara littattafai su ɗauki siffar (6) aƙalla sau ɗaya a kowane babi da ya shafi gini ko ƙira, su kuma sa wa ɗalibai aikin juya (3) zuwa (4) da (6), wanda darasin nahawu ne da malamin aji huɗu zai iya koyarwa ba tare da wani sabon kayan aiki ba.